Hattara da katin GTX 1050 Ti na jabu, ni ma an yi min sakiyar da ba ruwa

Jama'a, duk mai tsohuwar kwamfutar wasa da yake son ya ɗan farfaɗo da ita ba tare da ya zazzage aljihunsa ba, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Kwamfutata ta tsufa. Core i5-3470 ne a cikinta, na shekarar 2012, sai RAM giga 8 da wani ƙaramin katin hoto da ya daɗe da gajiya. Na sa mata SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri, na ƙara RAM ya kai 16, ta warware. Saura katin hoto, wanda ke sarrafa hotunan wasa a allo. Na zaɓi GTX 1050 Ti saboda dalili ɗaya: wat 75 kacal yake ci, yawancinsu ma daga jikin madabod suke shan wuta, ba sai na canza akwatin wutar kwamfutar ba. Ana cikin haka na ci karo da tallar wani mutum a intanet. Sabon kati fil a kwalinsa, giga 4, a kusan rabin abin da ake sayar da na hannu. Ya ce ragowar kaya ne yake son ya rabu da su, saura uku. Har hoton allo ya turo min inda Windows ta rubuta sunan katin ɓaro-ɓaro. Da ma an ce araha ba ta ado, amma kwaɗayi ya rufe min ido, na biya kafin kaya su iso.

Tun daga buɗe kwalin jikina ya ba ni. Babu sunan kamfanin da ya ƙera shi a ko'ina, sai fanka biyu cikin wata roba mara nauyi da sitika a kai. A ciki akwai faifan CD, an rubuta cewa da shi kaɗai za a saka direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin. A bayan katin kuma ga shuɗiyar mashigar VGA, mai ramuka 15 ɗin nan. Lokacin ban san cewa wannan kaɗai ta isa ta tona asirinsa ba, domin tun daga jerin GTX 10 Nvidia, kamfanin da ke da GTX, ta daina tallafa wa irin wannan tsohuwar hanyar fitar da hoto.

Na ɗaura shi, ya kawo hoto, sunan ma ya fito daidai yadda aka nuna min. Na buɗe GTA V, ma'aunin da ke cikin saitin wasan ya nuna ina da giga 4, sai na ɗaga ingancin hoto ina murmushi. Ko minti biyar ban yi ina tuƙi ba titi ya fara ɓacewa, wasu ɗigo-ɗigo kore da ja suka cika allo, wasan ya rufe kansa. Na sake, haka. Idan na sauke saiti ƙasa sosai yakan ɗan jure, amma yana tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa. Na ce bari in ɗauko sabon direba daga shafin Nvidia, shi kuma ya ƙi hawa sam.

Wani abokina ne ya ce in saukar da GPU-Z. Manhaja ce ƙarama, kyauta, kuma tun 2018 aka sa mata hanyar gane irin waɗannan katuna. Ina buɗewa na ga ta liƙa wa sunan katin tambarin jabu. Inda ya kamata a ga ƙananan injinan lissafi 768, sai ga 192. Cif ɗin da ke ciki ya kamata ya zama GP107, amma GF106 ne. Wato GTS 450 aka sayar min, katin shekarar 2010, aka yi masa sabuwar riga ya koma na 2016.

Ga yadda suke yi, kuma nan ne nake so a fahimta da kyau. Kowane katin hoto yana da wata 'yar manhaja a jikinsa, BIOS, ita ke gaya wa kwamfuta sunansa da girman ma'ajiyarsa. Kwamfuta ba ta musu, abin da aka faɗa mata shi take rubutawa. Sai su tattaro tsofaffin cif na GTS 450 ko GTX 550 Ti, su sauya wannan bayanin, kati mai giga 1 ya riƙa iƙirarin yana da 4. Muddin abin da kake yi bai wuce giga ɗayan gaskiyar ba, lafiya lau. Da wasa ya nemi ya ajiye kaya a sauran ukun da babu su, sai komai ya watse. Shi ya sa kallon bidiyo ko buɗe shafuka ba zai nuna maka komai ba, kuma shi ya sa hoton allon da mai sayarwa zai turo maka ba hujja ba ce. Faifan CD ɗin kuwa tsohon direba ne da aka yi wa kwaskwarima don rufa-rufar ta ɗore.

Ba wannan kati kaɗai ba ne. Akwai wanda ake tallata shi da sunan RX 580 alhali mai injina 2048 ne, wanda kusan RX 570 ne, shi kuwa cikakken RX 580 yana da 2304. Tun da Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙa (wato samar da kuɗin ta hanyar sa katunan hoto su yi ta lissafi) a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, a goge su a ce sababbi ne. Katin haƙa ba lallai ya zama mara kyau ba, matsalar ita ce a ɓoye maka. SSD ma ana yi masa wannan ƙaryar girma, manhajar H2testw ce ke kama shi, don takan cika shi taf sannan ta karanta ta gani.

Idan za ka sayi kati yanzu, kar ka yarda da hoto. A ɗaura shi a gabanka, ko a yi maka bidiyo kai tsaye, a buɗe GPU-Z ka duba adadin injinan da sunan cif, ka gwada da abin da ke shafin kamfanin. A saka direba daga shafin Nvidia ko AMD, a kunna wasa mai nauyi ko FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, na aƙalla minti ashirin. Kuma ka biya ta hanyar da za ka iya neman a dawo maka da kuɗinka. Wannan na ƙarshen shi ne ya kayar da ni, don mutumin ya lallaɓa ni na tura masa kai tsaye, wai zai ƙara rage min.

Da na aika masa hoton GPU-Z, cewa ya yi kwamfutata ce ta tsufa. Da na ce ya karɓi kayansa, sai ya toshe ni, tallar ma ta ɓace. Bayan mako biyu na sake ganin hotunan nan, kwali ɗaya, teburi ɗaya, a ƙarƙashin wani sabon suna. Har yanzu wai saura uku.