Kafin Ka Sayi Labarin Masinjan da Ya Koma Mai Binciken Laifi

Ƙagaggen labari na ban dariya wanda masinjan gidan waya ke bin sawun mai kisa, alhali babu wanda ya ɗora masa aikin, yana da daɗi ne idan marubucin ya mori sana'ar mutumin da kyau. Mai raba wasiƙu ya san gidan da takardar kotu ta shiga, ya san matar da wasiƙun mijinta suka daina zuwa, ya kuma san karen da bai yi haushi ba ranar da ya kamata ya yi. Saboda haka, mai saye a Jidda ko Makka ya tsaya gaban kanta ya karanta babin farko. Idan jakar wasiƙu ado ce kawai, ya mayar da littafin inda ya ɗauko shi.

Babban zaɓin shi ne na harshe. Da yawa daga irin waɗannan labarai a ƙauyukan Ingila aka gina su, inda ake zura wasiƙa ta ramin ƙofa kowace safiya, abin da wanda ya tashi a Saudiyya bai saba da shi ba, domin an daɗe a nan ana dogaro da akwatin gidan waya. Bugun Turanci yana riƙe da barkwancin yadda yake, sai dai cike yake da maganar kan titi da ke wahalar da wanda Turancinsa na makaranta ne. Fassarar Larabci ta fi sauƙi ga 'ya'yanmu da suka yi karatu a nan, amma idan aka juya cacar bakin tsofaffin ƙauye zuwa Larabcin littafi, sau da yawa sai ta fito kamar huɗuba. A ganina, wanda zai iya jure duba ƙamus jefi-jefi ya ɗauki na Turancin.

Ta fuskar kuɗi, bugu mai laushin bango ya wadatar, tunda ba littafin gado ba ne. Ana iya duba kantunan littattafai na Jarir, ko a yi oda ta shafin sayayya na Amazon.sa, wanda ya maye gurbin shafin Souq a 2020, a kuma tuna cewa harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari tun watan Yulin shekarar. Kindle, dandalin Amazon na karanta littattafai a waya ko na'ura, yana ba da farkon littafi kyauta, kuma wannan ya fi kowace talla gaskiya. Littafin saurare irin na Storytel, da ake biya wata-wata, zai yi wa direban da ke zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka amfani, ko da yake alamar da za ta tona asirin mai laifi tana iya wucewa yana ƙoƙarin sauya hannu a cunkoson motoci.

Yawancin irin waɗannan littattafai a jere suke fitowa, don haka a duba bayan bango a tabbatar na farko aka ɗauka, domin na biyu kan faɗi wanda ya yi kisan baya.