Nutso a kan jirgin Spiegel Grove: abin da mai ziyara zai samu da abin da teku ke ƙayyadewa

A gaɓar Key Largo da ke jihar Florida ta Amurka akwai kamfanoni da dama masu ɗaukar mutane a jirgin ruwa zuwa wuraren nutso da tukunyar iska, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi nema a wajensu shi ne Spiegel Grove, tsohon jirgin rundunar sojan ruwan Amurka da aka nutsar da gangan domin ya zama matsugunin kifaye da murjani. Na bi ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, kuma ra'ayina shi ne wurin ya cancanci kuɗin da wahalar, amma ingancin hidimar ya dogara ne kacokan a kan yadda ma'aikatan jirgin kamfanin ke karanta yanayin ruwa.

Spiegel Grove ya fara aiki a 1956, aka sallame shi a 1989, kuma tsawonsa ya kai kimanin mita 155. A watan Mayun 2002, bayan an tsabtace shi daga mai da sauran gurɓatattun abubuwa, ya nutse tun kafin lokacin da aka tsara, ya kife, sai da aka yi aikin makonni kafin a kwantar da shi a gefensa na dama a watan Yuni. Haka ya zauna har zuwa Yulin 2005, lokacin da guguwar Dennis ta tayar da shi ya miƙe daidai a kan yashi. Jagoranmu ya ba da wannan tarihi ne da manufa: ruwan da ya iya juya ƙarfe mai wannan girma ba ya buƙatar wani ƙoƙari kafin ya ɗauke mutum ɗaya.

Ƙasan jirgin yana zurfin kimanin mita 40, wato iyakar da aka amince wa masu nutson nishaɗi, yayin da sassansa na sama suke kusan mita 20. Saboda haka kamfanin ya nemi shaidar horon nutso ta matakin da ke gaba da na farko da kuma bayanin nutso mai zurfi na kwanan nan kafin ya karɓi kowa, kuma na yaba da cewa sun duba takardun da gaske. Sun kuma ba da shawarar amfani da naitiroks, iskar da aka ƙara wa oksijin, domin a zurfin mita 30 mai shaƙar iska ta yau da kullum ba shi da fiye da kimanin minti 20 kafin naitirojin ya taru a jikinsa har ya wajaba ya yi dogon tsayi a hanyar hawa. Kayan haya suna da kyau, ba ni da ƙorafi a kansu.

Babban al'amari shi ne gudun ruwa. Wurin yana kusan kilomita 10 daga gaɓa, a gefen Gulf Stream, wato ruwan ɗumi da ke kwarara arewa ta mashigin Florida, kuma yana matsowa kusa da gaɓa ko ya ja baya ba tare da wata alama a sararin sama ba. Ana iya samun rana tarwai, saman teku a kwance, amma a ƙasa ruwa na ja da ƙarfin da iyo ba zai iya da shi ba. A nan ne na ga ƙwarewar matuƙinmu: da muka isa ya ɗaura jirginsa a ɗaya daga cikin ƙwallayen alama da ke haɗe da Spiegel Grove, ya jefa igiya ta baya ya ga yadda ruwa ke miƙar da ita, ya tura ma'aikaci ya gwada, sannan ya yanke hukunci. Ya kuma faɗa tun a gaɓa cewa idan gudun ya wuce kima za a koma wurin murjani mara zurfi, ko da wasu za su ji haushi. Kamfanin da ba ya faɗin wannan magana tun farko, ni ba zan ba shi amana ba.

A ranar da gudun ya yi matsakaici ma, sauka hannu bayan hannu ake yi a kan igiya, jiki na kaɗawa gefe kamar wanki a igiyar shanya ranar iska. Safar hannu na da amfani, domin ƙananan halittu masu harbi suna tsirowa a jikin igiyar. Da zarar an kai ga jirgin, gininsa yana tare ruwan, kuma jagora nagari yakan bi da mutane ta ɓangaren da ke a kare. Abin mamaki shi ne ruwan da ke wahalar da mutum shi ne kuma yake kawo tsabta, don haka sau da yawa ranar da aka fi jan ruwa ita ce ranar da aka fi gani nesa.

Abin da ke ƙasan kuwa ya biya. Soso da murjani sun lulluɓe ƙarfen, kifayen barakuda suna tsaye cak suna fuskantar gudun ruwa, kuma manyan kifayen gurufa, waɗanda wasunsu sun fi babban mutum nauyi, suna fakewa a ƙarƙashin injinan ɗaga kaya. Ba a iya zagaye jirgin a nutso ɗaya, kuma wanda ya gwada zai ƙare iskarsa nesa da igiyar da ya sauko ta kanta. An yanka ƙofofi a benayen sama inda hasken waje ke shiga, amma kamfanin ya hana shiga can ciki ba tare da horo na musamman ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin a watan Maris na 2007 masu nutso 3 sun rasu bayan sun ɓace a cikin ɗakunan ƙasa.

Inda hidimar ta gaza shi ne wajen hawa. An bar mutane da yawa sun taru lokaci guda a tsayin kariya na minti 3 a zurfin mita 5, wanda ake yi kafin a fito domin jiki ya rage naitirojin, ana turereniya a igiya ɗaya da raƙuman ruwa ke fizga sama da ƙasa, alhali rarraba lokacin sauka ko ƙara igiya ta biyu zai magance hakan. Bayanin farko ma an yi shi ne injin na ruri, na baya ba su ji rabinsa ba.

Mai niyyar zuwa ya sani cewa ruwan yakan kai kusan digiri 29 a bazara kuma teku ta fi kwanciya, sai dai lokacin guguwa yana farawa daga Yuni zuwa Nuwamba, yayin da hunturu ke kawo iskar arewa, ruwa mai kusan digiri 22 da yawan soke tafiya. Ya ware fiye da rana ɗaya, ya kuma tambayi ƙa'idar kamfanin game da canjin wuri da mayar da kuɗi kafin ya biya.