Wata takwas ina fesa wa ƙananan tankokin yaƙi fenti da Iwata Eclipse

Tankar da ta sa na nemi alƙalamin feshi, wato 'yar na'urar hannu mai fesa fenti da iska, Panther ce ta Jamusawa, samfurin roba na kamfanin Tamiya, ma'aunin 1/35, wato an rage girman ta gaskiya sau talatin da biyar. Haɗa ta da gam bai ba ni wahala ba, fenti ne ya tsaya min a wuya. Daga Fabrairun 1943 Jamusawa suka koma shafa wa tankokinsu rawaya mai duhu tun daga masana'anta, sai sojoji su bi ta da kore da ja mai ruwan ƙasa a filin daga, sau da yawa da bindigar feshi, shi ya sa gefen launukan ke narkewa cikin juna. Buroshi ba ya ba da haka. Na gwada, tankar ta fito kamar an ƙunsa mata lalle.

Na fara da wani alƙalami marar suna, irin wanda ake haɗawa da ɗan injin iska a kwali ɗaya. Araha ba ta ado. Bakinsa milimita 0.2 ne, ɗan ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa, kuma murɗa shi ake yi da wata 'yar sifana. A wanki na huɗu na ɗan ƙara ƙarfi, ya karye, rabinsa ya maƙale a ciki. Har yau yana cikin durowa.

A Disamba wani ƙanena da ke dawowa daga waje ya taho min da Iwata Eclipse HP-CS, ƙirar Japan. Kofin fentinsa a sama yake, yana ɗaukar kusan mililita 7, don haka nauyin fentin ne ke gangaro da shi, ba ya bukatar iska mai yawa. Kunamarsa aiki biyu take yi: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, gwargwadon yadda ka ja. Allurarsa, wadda ke buɗe wa fenti hanya, da bakinsa milimita 0.35 ne. Amma abin da ya fi kwanta min a rai shi ne bakin ba murɗa shi ake yi ba. Babba ne, ka riƙe shi da yatsa biyu, ka ajiye shi a gurbinsa, murfi ya danne shi ya zauna daidai. Wanda ya taɓa karya na murɗawa ya san darajar wannan.

Ranar farko na zuba XF-60 na Tamiya, rawayar nan, na sirka da tina tasu X-20A, wato ruwan tsarma fenti, na sa ƙarfin iska a kan psi 18. Minti biyu komai lafiya lau. Daga nan sai feshin ya fara sirancewa, ya tsaya, na ƙara jan kunama, sai ya tofa wani gudan fenti a kan hular tankar. Raina ya ɓaci, na ce wannan ma kanwar ja ce. Da na haska tsinin allurar da fitilar waya, sai ga fenti ya bushe a kai kamar ƙanzo. Hunturu ake yi, iskar da ke fasa wa mutum leɓe ita ce ke busar da fentin tun kafin ya bar allurar. Wanda ya kai jikin tankar ma a bushe yake sauka, ka shafa ka ji kaushi kamar yashi.

A nan na ɓata makonni, kuma a nan na fi koyo. Masu wannan aiki kan ce fenti ya zama kamar madara. To madarar sabuwar tatsa ake nufi, ni kuwa kindirmo nake zubawa. Na koma kashi ɗaya fenti, kashi biyu tina, idan zan ja siraran layukan kore. Na samo maganin da ke jinkirta bushewa, ina ɗiga kaɗan, ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Na rage iskar zuwa psi 12 ko 15, na matso kusa da tankar. Sai auduga jiƙe da tina a gefe, bayan kowane minti biyu in goge tsinin. Na kuma daina feshi da rana, sai bayan Asuba, bayan na yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin saboda ƙura. Uwargida ta ce wannan lallaɓawar ko jariri sai haka.

Wani kuskuren nawa ne tsantsa. Tina ta ƙare, na sirka fentin kamfanin Vallejo da sifirit, tunda na Tamiya yana karɓarsa. Nan take ya tsinke ya zama danƙo a cikin kofi. Da alƙalamin farkon ne da aikin yini guda ya same ni. Wannan kuwa na zare allura, na kwance murfi, bakin ya faɗo tafin hannuna, cikin minti goma na wanke shi tas.

Damina ta zo da nata. A watan Yuli ina tsakar fesa wa wata tankar Sherman koren fenti sai ruwa ya fantsamo a jikinta. Ba daga alƙalamin ba ne, raɓa ce ta taru a cikin tiyo, don iska mai laima idan aka matse ta sai ta yi gumi. Na canza injin zuwa mai tankin iska na lita uku da matarar ruwa, na ƙara wata ƙarama daf da hannu. Tankin yana da wani amfanin: idan aka ɗauke wuta ina tsakar layi, ragowar iskar kan ishe ni in ƙarasa in kuma wanke kofi kafin fenti ya daskare.

Kumfa a cikin kofi sau biyu na gani, duka biyun murfin gaba ne ban ɗaure da kyau ba. Idan kuma ka ja kunama iska kawai ke fita, duba kusar da ke riƙe allura ta baya.

Ga tankoki da motocin soja na 1/35, 0.35 ya wadatar, daga fentin shimfiɗa har zuwa dabbare-dabbaren ɓad da kama. Mai son ɗige-ɗigen jiragen sama na 1/72 zai fi jin daɗin baki mafi ƙanƙanta, amma a iskarmu toshewa zai riƙa yi. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma ban samu kayan gyaransa a kasuwar garinmu ba. Allurata ta taɓa gefen tebur a watan jiya, tsinin ya ɗan lanƙwashe, feshi ya koma gefe guda. Na miƙar da ita a kan gilashi a hankali, tana aiki, amma na riga na aika a taho min da guda biyu kafin in buɗe kwalin tankar T-55 da ke jira a kan kabad.