Hattara da masu sayar da gona da hatimin shaihun ƙauye (mai gari) a yankin Gadarif na Sudan

Assalamu alaikum jama'a. Fam miliyan 14 na Sudan. Ku sake karantawa da kyau, miliyan 14, abin da muke ce wa biliyan 14 a lissafin bakin kasuwa. Wannan kuɗin wani Bahaushe ɗan uwanmu ya raba ni da su da sunan zai sayar mini da gona fadan 10 (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne), kuma har zuwa yanzu da nake wannan rubutu ba gona, ba kuɗi. Lauyana ya hana ni kama suna tunda magana tana gaban hukuma, amma shi mutumin ya san kansa, masu yi masa rakiya ma sun san kansu.

Tun kafin wani ya shigo ya ce mini ai garaje na yi, ya tsaya ya ji. Ni ba yaro ba ne. Na yi kasuwanci a birnin Madani tun kafin a haifi wasu daga cikin masu yi mini wa'azi yanzu. Da ƙafata na taka gonar nan, na zagaye iyakarta, na ɗebi ƙasarta a hannu, baƙar laka mai tsagewa irin wadda riɗi da dawa suke so. Ban ba da ko fam ɗaya ba sai da muka zauna gaban shaihun ƙauyen. Gaban shaihu fa! To in mutum bai yarda da hatimin shaihu ba, da me zai yarda?

Wannan zaman shi ne ya hana ni barci. Muna ƙarƙashin rumfar ƙofar gidansa bayan la'asar, an kawo jabana, wato gahawa, ana zubawa, ga shaidu biyu kowanne ya fito da katinsa an kwafi lambarsa ta ɗan ƙasa. Mai sayarwa ya sa hannu, na sa. Shaihu ya zura hannu aljihun jallabiya ya zaro hatimi naɗe a cikin leda, ya hura masa iska sau biyu saboda tawadar ta riga ta bushe, ya ɗora takardar a kan gwiwarsa ya danna. Ya ce, "Allah ya sa albarka, Alhaji." Aka shafa fatiha. A nan take na buɗe Bankak, manhajar banki ta waya, na tura miliyan 9, shi kuma dillalin, wato Bahaushen nan da na faɗa, yana leƙa wayata yana cewa, "Baffa, wallahi ka yi sa'a, da ka ƙara kwana biyu da wani ya riga ka." Baffa yake ce mini. Ya ci tuwo a gidana, ya ɗauki jikata ya yi mata wasa.

Sauran miliyan 5 a hannu na ba shi, sababbin takardun dubu-dubu da aka fitar bayan canjin kuɗi na ƙarshen 2024. Tara da biyar, 14. Ina ta lissafin nan kamar zai canza.

Na manta ban faɗi inda kuɗin suka fito ba, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Lokacin da Madani ta faɗi a yaƙi a watan Disamba na 2023 mun fito da kayan jikinmu ne kawai, shago da duk abin da ke ciki ya tafi. Ƙanena da ke aiki a Jidda shi ya dinga tara riyal yana aiko mini, uwargida kuma ta cire awarwaronta na zinari ta ce in haɗa in sayi abin da za mu dogara da shi. Dillalin nan ya san duk wannan. A gabansa aka yi maganar zinarin.

Da damina ta kama na yi magana da mai tarakta, muka isa gonar da sassafe. Sai muka tarar an riga an yi huɗar kusan rabi, wani dattijo yana tsaye da 'ya'yansa. Na ce, "Malam, lafiya? Gonata ce fa." Ya dube ni ya ce gonar mahaifinsu ce, su bakwai suka gada, ba a ma raba ba, kuma wanda ya sa mini hannu ɗan ƙanwarsu ne da aka ba aron wani ɓangare ya noma shekarun baya. Na zaro takardata na nuna masa hatimi. Bai ko karɓa ba, cewa ya yi, "Kai ne na uku."

A'a, kafin wannan ma akwai abin da ya faru. Tun ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka wayar dillalin ta fara shiga ba a ɗauka, in ya ɗauka ya ce yana Kasala, gobe ya ce yana Sinnar wajen ta'aziyya. Na ɗauka halin da ƙasa take ciki ne, kowa yana fama da nasa.

Na koma wurin shaihu raina a ɓace amma na yi ladabi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba hatiminka ba ne wannan?" Ya ce nasa ne. Na ce to yaya aka yi ka buga a kan gonar da ba ta mai sayarwa ba? Amsar da ya ba ni, har in mutu ba zan manta ba: "Ni shaida na yi cewa wane ya sa hannu a gabana. Ban ce gonar tasa ce ba." Mutumin da ya san kowace kunyar gona a ƙauyen, ya san wa ya gaji wa, shi ne yake faɗa mini haka, bayan ya karɓi kuɗin hatimi, bayan ya ce Allah ya sa albarka. Na wuce wurin umda, wanda ke sama da shaihu, ya ce a yi sulhu, a bi a hankali, mu duka 'yan uwa ne. Sulhu da wa? Mutumin ya ɓace!

Abin haushi, lauya ya ce in aka bi rubutun takardar, kalmomin da ke saman hatimin haka suke nufi, shaidar sa hannu ce kawai. Ya ce yawancin gonakin damina na ƙauyuka ba su taɓa shiga rajista ba, rajistar da aka fara da dokar 1925 ta fi tsayawa a bakin Nilu da birane, sannan dokar 1970 ta zamanin Numairi ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Abin da mutanen ƙauye suke riƙe da shi hiyaza ce, haƙƙin noma, shi ya sa shaihu da umda suka zama su ne ake tambaya wa ke da ina. To ai maganata ke nan! In su ake tambaya, ni kuma na tambaye su, ina laifina? Na ma tambayi dillalin shahadar bahas, takardar ofishin rajista mai nuna mai ƙasa, tun farko, ya ce bildat, wato gonakin damina na ƙauye, ba ta da wannan, kuma ofisoshin rajista sun rikice saboda yaƙi. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, da shi suke fakewa.

Sauran mutum biyun na nemo su. Ɗaya ɗan gudun hijira ne daga Sinja, shi miliyan 11 aka karɓe masa. Ɗayar bazawara ce mai marayu, ta ƙi faɗa mini nata, kuka kawai take yi. Takardunmu uku muka jera a kan tabarma: gona ɗaya, hatimi ɗaya, kuma ɗaya daga cikin shaidun nan shi ne a duka ukun. Mun shigar da ƙara a kan zamba, sashe na 178 na dokar laifuka ta 1991, lauya yana duba ko za a haɗa da na jabun takardu.

Ina da hoton shaidar tura miliyan 9 ɗin, ina da saƙonnin muryarsa na WhatsApp inda yake rantsuwa da Alƙur'ani, ina da hoton takardun nan uku. Da zarar lauya ya ba ni izini zan saka su nan, in rufe lambobin mutane.

Mai son sayen gona, kada hatimi ya ruɗe shi. Ya nemi magada duka su zauna, ya tambayi maƙwabtan gona ba tare da dillali ba, ya je wurin lauya mai tausiƙi, wato mai izinin tabbatar da takardu, kafin ya tura kuɗi.

Ku kuma masu kirana cikin dare kuna cewa in rufa asiri kada a ce Hausawa suna cutar junansu a gaban sauran ƙabilu, ku daina. Ba wanda ya kira shi ya ce ya rufa mini asiri lokacin da yake ƙirga miliyan 5 a tsakar gidana. Ƙanena har yanzu yana tambayata ko riɗin ya tsiro. Duk wanda yake son in sauke wannan rubutu, ya kawo mini miliyan 14 ɗina, in sauke a gabansa.