Regilatar ko ondilar: wanne firizar Hajiya take buƙata?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina sana'ar ƙanƙara da folere, wato zoɓo, a Marwa, kwamfiresan firizarki ya ƙone a bazarar bara, kin gyara, yanzu wani ya ce ki sayi regilatar mai daidaita ƙarfin wuta, wani kuma ya ce ondilar mai batir, wato UPS, ta fi. Regilatar za ki saya. Amma bari in ajiye miki su gefe da gefe, don kada mai shago ya juya ki.

Wutar da ake kawo mana gida volt 220 ce a ƙa'ida, a nan Kamaru da Chadi duka. Mu 'yan arewa mun daɗe muna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai kusa da Garwa, mai megawat 72, kuma ruwanta yana ja baya da rani, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji. Ga nisan waya, ga taransifoma ɗaya ana rataya mata unguwa guda. Shi ya sa bayan magariba za ki ga ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi kamar mai jin yunwa. Wutar tana nan, ƙarfinta ne ya faɗi. Wannan yanayin shi ne maƙiyin kwamfiresa: yana yunƙurin tashi ya kasa, ya yi ta gurnani yana jan wuta fiye da kima, wayar cikinsa ta yi zafi har ta ƙone.

Aikin regilatar, wadda 'yan Najeriya ke kira sitabilaiza, ke nan. Taransifoma ce a cikinta, in wuta ta yi ƙasa ta ɗaga ta, in ta yi sama ta sauke ta. Ƙas-ƙas ɗin da kike ji tana yi, canjin mataki ne. Ba ta ajiye wuta ko kaɗan. Aka ɗauke, ita ma ta mutu. Tana kuma da iyaka, a rubuce a jikinta, galibi daga wajen 140 zuwa 260.

Ondilar kuwa batir ne a cikinta. Da an ɗauke wuta sai ta karɓa nan take, ta riƙe kwamfuta na 'yan mintuna har mutum ya adana aikinsa ya kashe. Don mai kwamfuta da mai wifi aka yi ta. Ƙananan da suka cika kasuwa, masu 650VA, abin da suke ɗauka bai kai wat 400 ba, alhali kwamfiresa a lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Ƙari a kan haka, wutar da masu arahar ke fitarwa daga batir ba ta da santsin ta layi, tsalle-tsalle take yi, inji mai juyawa kuma ba ya son haka. Na taɓa ganin wani mai kanti ya jona firiji a irinta. Ƙara ta yi ta yi, ta mutu kafin ya koma kujerarsa. Batirin ma zafin Marwa na Afrilu ba ya barinsa ya yi tsawon rai.

Wajen saye, ki duba takardar da ke manne a bayan firiza, ki ga wat nawa ne, ki nemi regilatar da ta ninka shi uku aƙalla. Abin da na fi damuwa da shi ma shi ne maɓallin jinkiri. Ki zaɓi mai jira minti uku kafin ta saki wuta, ki bar shi a kunne kullum. In an ɗauke aka dawo nan da nan, gas ɗin cikin firiza bai lafa ba tukuna, kwamfiresa ya tashi a kan wannan matsi, kamar a ce jaki ya miƙe da kaya ninki biyu. Mutane da yawa suna kashe jinkirin saboda gajen haƙuri, sannan su zagi regilatar.

Akwai abin da duka biyun ba sa yi: ba sa hana wuta jan mutum. Ke kuma hannunki kullum a jiƙe yake. Ɗan ƙarfen nan da ya fito daga soket irin na Faransa, na wayar ƙasa ne, kuma a gidaje da yawa ba a haɗa shi da komai ba. Ki sa mai gyaran wuta ya buɗe ya duba, ya kafa ƙarfe a ƙasa in babu, ya sa miki abin yanke wuta mai lamba 30mA a layin. In firizar daga Najeriya ta zo da kai mai ƙafa uku, a canza mata kai mai kyau, kada a yanke a cusa tsirarar waya da tsinken ashana. Soket ɗinta kuma ita kaɗai, ba a ralonj, wato doguwar wayar ƙari, da ake jona dutsen guga ba.