Bitar tausayi ga malamai a Agege: inda ta yi rawar gani da inda ta gaza

Tun da gwamnatin Jihar Legas ta tsaya kai da fata cewa ba a dukan yara a makarantu, na gwamnati da na kuɗi, masu sayar da bita suka samu kasuwa. Malaman firamaren gwamnati suna da shirin EKOEXCEL da aka fara a 2019, mai horar da su a kuma ba su ƙaramar kwamfutar hannu ta darasi. Malamin ƙaramar makarantar kuɗi ko Islamiyya a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ba ya cikin wannan rabo, sai abin da mai makaranta ya saya masa. Bitar da muka ɗora a sikeli a nan irin wannan ce: wani ƙaramin kamfanin horarwa ke kawo ta har cikin makaranta, Asabar biyu a jere, ƙarfe 9 zuwa 3, sai zauren WhatsApp na wata guda. Ranar farko ta malami ce da lafiyar zuciyarsa, ta biyu ta ɗalibi. A ganinmu rana ta biyu ta ci kuɗinta, ta farko kuwa da sauran gyara.

Tun daga zaɓen rana aka fara tuntuɓe. Asabar da safe lokacin Islamiyya ne a yawancin unguwanninmu, saboda haka malaman da suka fi kowa buƙatar bitar su ne ke shigowa bayan azahar, an riga an ci fiye da rabi. Makarantar da za ta gayyace su ta nemi a sa a makon ƙarshe na hutu, kafin a koma aji.

Ranar farko ta buɗe da bayanin ƙonewar zuciya a wurin aiki, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace a 2019: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, sanyin jiki da ƙyamar aikin, da jin cewa ƙoƙarinka ba ya haifar da komai. An kawo shi da misalan da malami zai gane kansa a ciki, kamar wanda ya daina duba littattafan yara sai dai ya ja jan biro ya wuce, ko wadda ƙaramin surutu ke sa ta ɗaga murya tun darasin farko. Daga nan sai atisayen numfashi: a ja iska ana ƙirga huɗu, a riƙe huɗu, a saki a hankali ana ƙirga shida, sau biyar, a bakin ƙofa kafin a shiga aji. Malamai kan yi dariya da farko, amma abin yana da tushe, domin sakin numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, kuma minti ɗaya kacal yake ci. Kuskuren da ake yi shi ne jira sai rai ya ɓaci sannan a tuna da shi. A lokacin ba ya aiki. Sai an mai da shi al'ada a lokacin da ake lafiya lau.

Bayan wannan bitar ta bar ƙasa ta hau sama. Aka ce malami ya yi barcin awa takwas, ya riƙa tattaki da yamma, ya ajiye aikin makaranta a makaranta. Wa ake gaya wa? Malamin da ya baro Sango ko Ifo a Jihar Ogun bayan asuba, ya sha cunkoso a cikin danfo, wato bas ɗin haya, kafin ya sauka Pen Cinema a Agege, ya koyar da boko zuwa ƙarfe 2, ya zauna Islamiyya bayan la'asar, ya ƙarasa da darasin gida bayan magariba don albashi ya kai ƙarshen wata. Gwamnatin Legas ta sa mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta a Naira 85,000 a 2024, na ƙasa kuma 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantunmu da yawa a nan suke. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibai 35 ga malami ɗaya a firamare, 40 a babbar sakandare. Ajin da ya wuce haka nesa ba kusa ba, ba numfashin da zai rage shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu bitar ba su taɓo jadawalin darasi ba, ba su taɓo ranar biyan albashi ba, ba su kuma nemi mai makaranta ya zauna ba, alhali waɗannan abubuwa a hannunsa suke. Gyara uku da ba sa cin kuɗi sun fi duk wannan nasiha: kowane malami ya samu darasi ɗaya a rana da ba ya cikin aji, a tsayar da ranar albashi a riƙe ta, a daina yi wa malami faɗa a gaban ɗalibai ko iyaye.

Rana ta biyu ce ta nuna masu bitar sun taɓa riƙe alli. Ba su tsaya wa'azi ba, sun ba da abin da za a yi ranar Litinin. Malami ya tsaya bakin ƙofa ya gai da kowane yaro da sunansa, minti uku sun isa aji guda. Yaron da ya fi ba shi wahala kuma ya ware masa minti biyu kullum, kwana goma na makaranta a jere, su yi hira kan abin da ba karatu ba ne, ba kuma laifinsa ba: ƙwallo, awakin gidansu, garin da suka fito. Sharaɗin shi ne kada a tsallake rana, kuma kada hirar ta rikiɗe ta koma nasiha, wanda a nan ne yawancin malamai ke zamewa.

Sai tsanin horo, wanda ya maye gurbin bulala. Yaro na surutu, malami ya dube shi ba tare da ya dakatar da darasi ba. Bai daina ba, ya matsa kusa da bencinsa yana ci gaba da bayani. Sannan ya kira sunansa ƙasa-ƙasa. Sannan ya ba shi zaɓi biyu: ya yi shiru a inda yake ko ya dawo bencin gaba. Idan ya ƙi, a sauya masa wurin, magana kuma sai bayan darasi, su biyu, ƙofa a buɗe. Hikimar ita ce yaro ba ya samun 'yan kallo, kuma malami ba ya ƙarar da harsashinsa a harbin farko.

An gwada wannan a wasan kwaikwayo. Aka sa wani dattijon malami ya zama yaron da ya makara, ya tsaya bakin ƙofa riƙe da jaka. Malamar da ke gaban allo ta ce, “Kai, kullum kai ne! Me ya sa ka makara?” Dattijon ya sunkuyar da kai, ya yi gum, kamar yadda yara ke yi. Aka sake. Ta ce, “Shigo ka zauna, Allah ya sa lafiya. In an tashi ka same ni.” Da aka tashi ta tambaye shi abin da ya faru da safen, wa abin ya shafa, me zai yi gobe, da kuma wane taimako yake so. Nan ya ce sai ya ɗebo ruwa jarka huɗu kafin ya fito. Ɗakin ya yi tsit, domin kowa ya san yaro irin wannan a ajinsa.

Abin da ba su faɗa ba, kuma ya kamata su faɗa, shi ne mako na biyu da na uku sun fi na farko wuya. Yara suna gwada ko da gaske bulalar ta tafi, surutu ya ƙaru, malami ya ga kamar an kwance masa zani a kasuwa. A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago: a ajiye dorina a koma kamun kunne, tsallen kwaɗo, durƙuso a rana, ko kiran yaro daƙiƙi. Duk horon wulaƙanci ne da sabon suna. Zauren WhatsApp ba ya ganin wannan. Saƙonnin ƙarfafa gwiwa ake turowa da safe, kafin wata ya ƙare an koma tura gaisuwar Juma'a. Sai mutum ya shiga aji ya zauna a baya ya gani da idonsa. Iyaye ma ba a shirya musu komai ba, ga shi akwai uban da zai zo ya ce, “Malam, na ji an daina duka, to ni ɗana a dake shi.”

Harshe ma ya rage wa bitar armashi. Takardun duk Turanci ne, hotunan na azuzuwan Turai. Yaron da aka kawo daga Katsina ko Sakkwato bara, wanda bai kama Turanci ko Yarabanci ba tukuna, shirunsa ba taurin kai ba ne, kuma ba a ce komai a kansa ba. Sannan ba a bambance tausayi da sakaci ba, shi ya sa wasu suka ɗauka ana cewa a bar yara su yi abin da suka ga dama. Malaman ne da kansu suka kawo hadisin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi (SAW) ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Da wani ya kawo hadisin dukan yaro kan salla a shekara goma, masu bitar suka kauce. A Islamiyya wannan tambaya sai ta taso, don haka a gayyato malamin da ake girmamawa a unguwa ya ɗauki wannan sashe.

Sashen kare yara daga cin zarafi bai kai awa guda ba, ya yi kaɗan. Legas tana da dokar haƙƙin yara tun 2007, da manufar kare yara ta 2016, da hukumar DSVA mai kula da cin zarafi a gida da na lalata, da lambobin gaggawa 767 da 112. Abin da malami ke buƙata shi ne tsari: ya saurara, kada ya yi alkawarin rufe sirri, ya rubuta kalaman yaron yadda ya faɗe su da kwanan wata, ya kai wa wanda makaranta ta naɗa a ranar, kada ya tunkari wanda ake zargi da kansa.

Mai makarantar da zai biya ya sa waɗannan a rubuce kafin ya ba da kafin alƙalami: kada mahalarta su wuce 25 a zama ɗaya, in ba haka ba wasan kwaikwayon ba zai zagayo kan kowa ba, shi da shugaban makaranta su zauna kwana biyun, mai horarwa ya dawo ya shiga azuzuwa sau biyu, a mako na uku da na takwas, a yi zaman awa ɗaya da iyaye da Hausa. Idan suka ce takardar shaidarsu tana da daraja a wurin hukumar rajistar malamai ta TRCN, a ce su nuna hujja a rubuce. A riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sai bayan ziyara ta biyu.