Bankina ya toshe katina don ya kare ni, amma ni ne na ƙarshen sani

Sau uku na'urar POS tana ƙin karɓar katina. Ina tsaye gaban teburin karɓar baƙi na otal ɗin da na sauka a wata tafiyar aiki, jakata a ƙasa, mutum biyu a bayana suna jira. Ma'aikaciyar ta zare katin, ta goge shi da gefen hannun rigarta, ta sake sakawa. "Ko dai sabis ne, Yallaɓai," in ji ta. Na san rufa min asiri take yi, domin wanda ya biya kafin ni da wannan na'urar ya biya. Katin bashi ne, wanda ake kira katin kiredit, kuma ko rabin iyakar da banki ya yanke min ban ci ba. Allah ya sa ina da katin cirar kuɗi na asusun albashina a aljihu. Da shi na biya, na ja jakata na fita ina jin kamar kowa bayana yake kallo.

Wata guda ke nan da faruwar abin, zuciya ta yi sanyi, shi ya sa nake ganin yanzu zan iya yi wa bankin adalci. Ba zan kama sunansa ba. Shekara shida ina amfani da katinsu, ina biyan abin da na ci gaba ɗaya duk wata don kada kuɗin ruwa ya hau kaina, kuma ba mu taɓa samun saɓani ba sai wannan karon.

A cikin mota na buɗe manhajar bankin. Hoton katin ya koma ruwan toka, a ƙasansa an rubuta cewa an dakatar da shi. Shi ke nan. Ba dalili, ba abin da ake so in yi. Na duba saƙonnin tes, babu. Na duba imel har cikin kwandon tarkace, babu. Saƙon da ke cewa an ga wani motsi da ba a saba gani ba a katina sai bayan awa huɗu ya iso, lokacin na riga na gama magana da su. Ihu bayan hari.

Lambar da ke bayan katin na kira. Na saurari kiɗan jira na kusan minti 25 kafin wata mata ta ɗauka, kuma a nan ne yabona zai fara, domin matar nan ta san aikinta. Bayan ta tabbatar ni ne da tambayoyin da suka saba, sai ta fara karanto min cinikin kwanakin baya ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ku ne, Yallaɓai?"

"Ni ne."

"Wannan fa?"

Har muka zo kan wasu guda biyu da aka yi da tsakar dare ina barci, kuɗi ɗan mitsitsi wanda ko na gan shi a takardar ƙarshen wata ba lallai in tsaya a kansa ba, a wani shafin intanet da ban taɓa jin sunansa ba. Minti kaɗan bayansu aka yi yunƙurin sayen kayan lantarki masu tsada a wani kantin intanet na wata ƙasa. Wannan na ukun ne kwamfutar bankin ta ƙi, ta kuma kulle katin nan take. Matar ta ce ɓarayin kati haka suke yi: su fara taɓa kuɗi kaɗan su ga ko lambar tana da rai, in ta wuce sai su kai babban hari, ko su sayar da ita a matsayin lambar da aka gwada. Tsakanin gwajin farko da kulle katin bai kai minti goma ba. Ni da ke da katin ina ta minshari.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta ina suka samu. Katin bai taɓa barin aljihuna ba, ban taɓa karanta wa kowa lambarsa a waya ba. Ta ce ba ta da izinin faɗin inda ake zargi. Na ji haushi, amma daga baya da na zauna na yi karatu a kan lamarin, na ga cewa ba sai mutum ya yi sakaci ake sace masa lamba ba. Wani lokaci rumbun bayanan wani kanti ake fasawa a kwashe na kowa da kowa. A 2013 an yi wa kamfanin Target na Amurka haka, aka kwashi bayanan kati kusan miliyan 40. Idan bankuna suka ga katunan da ake damfara da su duk sun taɓa bi ta wuri ɗaya, sai su sauya har waɗanda ba a kai ga taɓawa ba. Wani lokaci kuma wata 'yar na'ura ake maƙalawa a bakin ATM ko POS ta kwafe abin da ke jikin baƙin layin nan na bayan kati. Akwai ma wanda ba sata ba ce kai tsaye, canke ne. Lambobi 16 ɗin nan ba a warwatse suke ba. Na Visa da 4 suke farawa, na Mastercard da 5 ko 2. Shida ko takwas na farko su ne shaidar bankin da ya ba da katin, ta ƙarshe kuwa lissafi ne ke fitar da ita, ta wata dabara da injiniyan IBM Hans Peter Luhn ya ƙirƙira. Abin da ya rage a tsakiya ba shi da yawa ga kwamfutar da ba ta gajiya, sai ta yi ta jefa lambobi a shafukan da tsaronsu ke da rauni har wata ta faɗa.

Na daɗe ina ɗauka cewa ɗan ƙarfen zinaren nan da ke gaban kati, cif ɗin, ya gama maganin ɓarayi. Ya yi maganin rabi. Duk sa'ad da aka saka kati a na'ura, cif ɗin yana ƙirƙirar wata sabuwar shaida ta wannan cinikin kaɗai, don haka kwafe shi ba ya da amfani kamar kwafe baƙin layin, wanda bayanansa ba sa canzawa. Shi ya sa ma Mastercard ta sanar cewa nan da 2033 babu katinta da zai ƙara ɗaukar layin. Amma a intanet babu mai ganin cif. Lambar kati, ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na baya, su ke nan. Wasu shafukan suna tura mutum ga bankinsa ya shigar da lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa a waya, kafin kuɗi ya fita, wasu ba sa yi, kuma ɓarayi sun san waɗanda ba sa yi fiye da yadda ni da kai muka sani.

Na roƙe ta. Na ce ina kan hanya, saura kwana biyu in koma gida, ta buɗe min katin na kwana biyun nan kawai sannan a rufe. Ta ce, "Ku yi haƙuri, Yallaɓai, in na buɗe muku na buɗe musu." A lokacin na so in ɗaga murya. Yanzu ina ganin babu amsar da ta fi wannan. Lambar da ta fita ta fita, sai dai a kashe ta a ba da wata.

Ta ɓangaren kuɗi ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Ɗaya daga cikin ƙananan cinikin biyu ya riga ya wuce. Ta buɗe min ƙorafi a kansa a cikin kiran nan, ba su sa ni cike wata takarda ba, kuma kafin mako ya zagayo an goge shi. A nan ne na ga bambancin katin bashi da katin cirar kuɗi a aikace. Da ɗaya katin aka taɓa, albashina ne zai fita, in zauna ina jiran a dawo min da shi. A wannan kuwa kuɗin banki ne ke kan layi, shi ya sa ba sai an tashe su daga barci ba.

Daga nan ne abubuwa suka fara tsami. An ce sabon kati zai iso cikin kwanakin aiki biyar zuwa bakwai. Sai a rana ta 11 ya zo. Na tambaya ko za su ba ni sabuwar lambar a cikin manhaja in riƙa amfani da ita kafin robar ta iso, kamar yadda wasu bankunan ke yi. Babu wannan tsarin a wurinsu. Babu kuma hanyar bin sawun saƙon. Duk wanda na kira sai ya ce yana hanya.

A cikin wannan jiran ne abin da ya fi ba ni tsoro ya faru. Rana ta uku wani mutum ya kira ni, murya a natse, gaisuwa cikin ladabi. Ya kira cikakken sunana, ya faɗi lambobi huɗu na ƙarshen tsohon katin, ya ce daga sashen tsaro na banki yake, game da matsalar da katina ya samu. Ya ce don a gaggauta fitar da sabon katin za a turo min wata lamba a waya, in karanto masa. Ga shi kuwa da gaske ina jiran kira daga banki. Da gaske katina ya samu matsala. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban da shi kansa. Saƙon ya shigo, har na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan rubutun da ke tare da lambar: ta shiga manhajar bankina ce daga wata sabuwar waya, kuma an rubuta kada a faɗa wa kowa, ko da ma'aikacin banki ne. Na ce masa zan kira su da kaina. Muryarsa ta canza, ya fara cewa in na kashe wayar za a rufe asusuna gaba ɗaya. Na kashe. Da na kira lambar bayan kati, suka ce babu wanda ya neme ni daga wurinsu.

Wannan laifin ɓarawo ne, na sani. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bankin da ya bar mutum kwana uku ba labari, bai gaya masa ranar da kati zai zo ba, bai gargaɗe shi cewa waɗanda ke riƙe da lambarsa mai yiwuwa suna riƙe da sunansa da lambar wayarsa ba, shi ya share wa mai irin wannan kiran hanya. Jimla ɗaya ta isa a ƙarshen kiranmu na farko: ba za mu kira ku mu nemi wata lamba ba, duk wanda ya yi haka ku kashe wayar. Matar nan mai kirki ba ta faɗa ba, kuma ina zaton ba ya cikin abin da aka tsara mata ta faɗa.

Sai kuma wahalar da ba wanda ya ambata min: wuraren da ke cirar kuɗi da kansu duk wata. Ban san yawan inda na ajiye lambar katin nan ba sai da saƙonnin "an kasa cirar kuɗinku" suka fara sauka. Na zazzage bayanan wata 12 na bi su layi-layi da biro, na ƙirga wuri tara. Wata 12 nake ba kowa shawara ya duba, ba uku ba, saboda masu cira sau ɗaya a shekara su ne ke ɓuya. Ma'ajiyar hotunana ta intanet tana cikinsu, kuma saura mako biyu lokacinta ya yi.

Abin mamaki, da sabon katin ya zo na kunna shi, huɗu daga cikin taran sun riga sun san sabuwar lambar ba tare da na gaya musu ba. Ashe Visa da Mastercard duk suna da tsarin da ke miƙa sabbin bayanan kati ga kamfanonin da suka yi rajista, don kada biyan wata-wata ya yanke. Katin da na ajiye a manhajar biyan kuɗi ta wayata ma da kansa ya sabunta, domin waya ba ainihin lambar take ajiyewa ba, wata lambar madadi ce. Sauƙi ne, ban musa ba. Sai dai a cikin huɗun akwai wata manhajar motsa jiki da na daina buɗewa tun bara, wadda na yi ta murna a raina cewa mutuwar tsohon kati za ta raba mu. Ta biyo ni har sabon gida. Sai da na shiga na soke rajistar da hannuna. Duk mai tunanin sauya kati zai raba shi da wani kamfani, ya sake lissafi.

Wani abu da ya kusa shige min: kati ne ya mutu, bashin yana nan da ransa. Asusun ɗaya ne, ranar biya ba ta matsa ko da kwana ɗaya ba, ko da yake kwana 11 ba ni da abin sakawa a na'ura. Da na shagala da jiran kati, da tarar jinkiri ta same ni a kan abin da ba ni na jawo ba. Ta ɗaya gefen kuma, kuɗin wani kaya da na mayar kafin wannan rikici, wanda na yi ta fargabar zai ɓace tunda tsohuwar lamba aka tura wa, ya shigo asusun lafiya lau.

To, zan ci gaba da amfani da katin? Zan ci gaba. Wurin tsaron kuɗi na ba su cikakken maki. Kwamfutarsu ta ga abin da ban gani ba, kuma ko sisi ban yi asara ba. Wurin magana da mai kati kuwa da ƙyar su samu biyu cikin biyar, biyun ma albarkacin matar da ta ɗauki kirana na farko ne. A nawa ɓangaren na kunna sanarwar kowane ciniki komai ƙanƙantarsa, wadda ashe tana cikin manhajar tun tuni a kashe. Na daina barin shafukan da zan yi sayayya sau ɗaya su ajiye min lamba. Katin albashin nan da ya fitar da ni kunya a otal kuma ya samu wurin zama na dindindin a wani aljihun daban. Tsohon katin na sa masa almakashi ta tsakiyar cif ɗin da kan lambobin, na zubar da gutsattsarin a kwando biyu.

Kwana biyu bayan na fara amfani da sabon katin, imel ya shigo daga bankin, da tambarinsu da komai. Suna sanar da ni cewa saboda dalilan tsaro sun dakatar da katina mai ƙarewa da lambobi kaza, kuma nan ba da jimawa ba za su aiko min da wani. Sai da na kira lambar bayan kati na tabbatar su ne suka turo.